Gayyatar farko da na samu a Chennai

Ɗan Indiyancin da na tsinta a fina-finai tun ina yarinya a Kano bai amfane ni da komai ba a Chennai, birnin da ke kudancin Indiya. Nan Tamil ake yi, ko mai kayan miya da shi zai amsa miki. Ga unguwar da maigidana ya kama mana haya, Mylapore, yawancin maƙwabtanmu ba sa cin nama, ni kuwa kullum tukunyata da ƙamshinsa. Gaisuwa daga nesa kawai muke yi.

Ana haka wata dattijuwa da kowa ke kira Mami ta miƙo min katin gayyata: jikarta za ta yi arangetram, wato hawa dandali karo na farko bayan shekaru tana ɗaukar darasin waƙar Karnatik, waƙar gargajiya ta kudancin Indiya, wurin malaminta.

Na tafi da tunanin zan ji irin waƙoƙin fim. Ina! Yarinyar ta tanƙwashe ƙafa ta zauna, mai ganga mridangam a gefe, mai goge irin na Turawa a ɗaya gefen, tambura, wani abin kiɗa mai tsirkiya kamar garaya, na ta gunji a bayanta. Fiye da awa biyu tana rerawa da ka. Tana yi tana buga cinya da tafin hannu tana ƙirga da yatsu, yawanci bugu takwas a kowane zagaye, tsofaffin da ke cikin zauren su ma suna ƙirgawa tare da ita. Da ta kuskure ko bugu ɗaya, da duk sun ji. Waƙoƙi da dama na Tyagaraja ne, wani mawaƙi da ya rasu a 1847, kuma da harshen Telugu ya tsara yawancinsu, yabon abin bautarsu Rama. Ni dai sauraro ya kai ni.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne su wa ke yin wannan sana'a. A gida ba kowane uba ke son a kira ɗansa makaɗi ba. Nan kuwa likitoci da injiniyoyi ne ke biyan kuɗin darasi, su kama zaure, su ciyar da jama'a, yarinya ta durƙusa ta taɓa ƙafar malaminta a gaban kowa.

Yanzu Disamba ta gabato, lokacin da garin ke cika da irin waɗannan taruka, har da na cibiyar waƙa ta Music Academy da aka kafa a 1928. Mami ta ce tare za mu je, wai ko don kofi da dosa (wani abinci mai kama da sinasir) na ɗakin abincin wurin.