Wutar daji ma ana zuwa karatunta

Mu nan Kano in hunturu ya kama, aka ga hayaƙi ta wajen dajin Falgore sai dai a ce mafarauta ne ko masu neman gafiya, shi ke nan magana ta ƙare. Amma wallahi wasu masana binciken wannan wutar ne aikinsu, har jirgi suke hawa su je su ga yadda wani yake ƙona nasa dajin. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu tun 1954 aka yanka filaye, wani a ƙona shi duk shekara, wani sai bayan shekara biyu ko uku, wani kuma ba a taɓa shi, har yau masana na zuwa suna auna ciyawa da bishiyoyin.

Abin da ya fi burge ni, wutar farkon rani lokacin ciyawa da sauran danshi ba ta cinye itace kamar ta watan Maris, kuma makiyayanmu sun san wannan tuntuni.

To tauraron ɗan adam na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, yana hango wuta, amma ba ya faɗin wa ya kunna ko don me. Nan ne ɗaliban Jami'ar Bayero (BUK) za su shigo, sai dai in baƙon mai bincike ya zo an shiga daji tare, a sa sunan kowa a takardar binciken dan Allah.