Jarka uku a gidan mutum tara

Aikina na farko bayan hidimar ƙasa shi ne taya wani kamfanin injiniyoyi lissafin ruwan da birnin Kano zai buƙata nan da shekara 20. A takarda abin ba wuya. Ki ɗauki ƙidayar 2006, ki ƙara haihuwa da masu ƙaura zuwa birni, ki ninka da litar da mutum ɗaya ke kashewa a rana, sannan ki gwada da abin da matatun Challawa da Tamburawa da Watari ke iya turowa. Masu hali muka ba su kaso mai tsoka saboda shawa da masai na zamani da wankin mota. Unguwannin talakawa kuwa muka rubuta musu ɗan kaɗan, hujjarmu ita ce iya abin da suke amfani da shi ke nan.

Da yake ni mace ce, ni aka riƙa turawa cikin gidaje da takardar tambayoyi, mazan su tsaya a zaure. A wani gidan haya a Rimin Kebe na tarar da wata dattijuwa tana wanke kwanuka a ƙaramar roba. Da ta gama ba ta zubar da ruwan ba, ta juye shi a bokiti ta ajiye don wanke bayi. Na gaishe ta, na ce, "Inna, jarka nawa kuke saye a rana?"

Ta ce uku. Su tara ne a ɗaki biyu.

Jarka lita 25 ce, wato kowa na samun lita 8 da 'yan kai, sha da girki da alwala da wanka duk a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙaranci, sai wajen 50 ake maganar tsafta ta wadatu. Ina cikin rubutawa ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kada ki rubuta uku ke isar mu. Uku muke da kuɗinta. Ranar da ɗan garuwa ya ƙara kuɗi, yara sai dai su wanke fuska da ƙafa su tafi makaranta."

Nan jikina ya yi sanyi. Ashe abin da muka kira buƙatarsu, ƙarfin aljihunsu ne muka auna. In aka gina bututu a kan wannan adadi, ranar da famfo ya iso unguwar mutane za su yi wanka da wanki yadda ya kamata, ruwan ya kasa tun a shekarar farko, a koma ana cewa talaka ne mai ɓarna. Abin da ya fi ci mini rai, ita da ke sayen ruwa a kura tana biyan kowace lita tsada fiye da mai famfo a gidansa.

Akwai kuma gidan haya da muka ƙirga gida ɗaya alhali iyali shida ne a ciki, da zafin Maris zuwa Mayu lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa kowa ya dawo kan famfo. Babu ko ɗaya a lissafina na farko.

Na kai wa shugabana maganar ina ɗar-ɗar. Ya ce, "Kin san wannan zai ɗaga kuɗin aikin?" Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe." Ya yi shiru, sannan ya ce in sake lissafin da lita 50 ga kowane mutum a waɗannan unguwanni, in kuma ƙara tambaya ɗaya a takardar: da ruwa na zuwa ƙofar gida kullum, jarka nawa za ku kashe?