Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tafiyar Asuba

A makon jiya na tsaya ne daidai inda lokotoro ta kwance abin awo daga damtsena ta ce: "Madam, 17 bisa 10 ne." Haka muke ƙirga tansiyo a nan Nijar, abin da ƴan uwanmu na Najeriya ke kira 170 bisa 100. Ta ce daga 14 bisa 9 ake fara kiransa hawan jini, in an auna an sake aunawa yana nan. Nawa kuwa karo na uku ke nan ana aunawa bai sauka ba.

Ta rubuta mini magani, ta ce in rage gishiri da dunƙulen magi a miya, sannan ta ajiye biro ta ce akwai maganin da ba a sayar da shi a farmasi. Tafiya ce da ƙafa, minti 30, kwana 5 a mako. Jimilla minti 150 ke nan, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya riƙa yi. Ta ce in yi sauri yadda zan iya magana amma numfashina ba zai kai ni rera waƙa ba. Na tambaye ta kilo nawa take so in rage. Ta girgiza kai. "Ni ban aike ki neman rama ba. Zuciyarki nake nema wa sauƙi. Ita ma tsoka ce, in ta saba da aiki sai ta daina wahala wajen tura jini, jijiyoyi su saki. In kilo ya sauka, to. In bai sauka ba, amfanin na nan."

Wannan maganar ni kaɗai na ji ta, kuma na yi wata takwas ina maimaita ta ga mutanen da ba su son ji.

Na fara cikin sanyin Disamba. In na sallame asuba sai in zura dogon wando ƙarƙashin doguwar riga, in sa hijabi da takalmin basket da na saya a kasuwar Wadata, maigida ya sauke ni bakin filin wasa na Seyni Kountché a nan Yamai ya wuce. Ranar farko ban kai minti goma ba na tsaya na dafa ƙarfe, ƙurar hunturu ta cika mini maƙogwaro, ƙirjina na bugawa har cikin kunne. Ga samari na wucewa da gudu, ga dattawa ƴan fansho biyu-biyu suna tafe suna hirar siyasa. Mata ma akwai, ba su kai maza yawa ba. Babu wanda ya kalle ni a can. Kallon a unguwa yake.

Maƙwabciyata ce ta fara. Ta gan ni na dawo da gumi, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce: "Maman yara, lafiya? Ko Alhaji ne ya ce kin yi masa yawa?" Na ce likita ce ta sa ni. Ta ce, "Uhm," irin uhm ɗin da ke nufin an ji amma ba a yarda ba. Kafin mako ya zagayo labari ya kai gidan suna cewa maigida zai ƙara aure, shi ya sa nake neman komawa yarinya.

Wanda bai tashi cikinmu ba ba zai gane nauyin wannan zancen ba. A wurinmu jikin matar aure shaida ce a kan mijinta. In ta yi ƙiba, an ce tana cikin daula, hankalinta kwance. In ta faɗa, sai a fara lissafi: ko cefane ya gaza, ko kishiya, ko wata cutar da ba a faɗi. Saboda haka macen da ta fita da ƙafarta tana zufa da gangan, a idon mutane tana zubar da abin da mijinta ya tara ne. Yayar maigida, wadda nake kira Yaya tun ranar da aka kawo ni gidan, ta kira shi ta waya ta ce kada ya bari in kunyata su, mutane su ce ƙanenta ya kasa riƙe mace. Ni ba ta ce mini komai ba. Gaisuwarta ce kawai ta gajarce.

Wadda maganarta ta fi tsaya mini a rai Inna ce, can Tawa. Na kira ta ranar Juma'a kamar kullum, ashe labari ya riga ni tafiyar kilomita fiye da 500. Ta ce: "Ɗiyata, mi kike nema bisa hanya da asuba? Mu da munka yi tahiya, dole ta sa mu. Ke Allah ya hutar da ke, kina neman wahala da kanki?" Na yi shiru, don na san abin da take gani. Na tashi ina kallonta tana jan guga a rijiyoyin Adar masu zurfi, igiya na cin tafin hannunta. Ta ɗauko tulu a ka, ta surfa gero, ta daka, ta dama fura, ta tafi gona kai abinci rana na tsakiyar ka. Duk addu'arta a kaina ita ce kada in yi irin rayuwarta. Allah ya karɓa. Na samu famfo a tsakar gida, injin niƙa a bakin titi, kujera a ofis daga safe har la'asar, mota ta kai ni ta maido ni. Sai ga shi hutun da ta roƙa mini ya zo da nasa ciwon. Ta yaya zan faɗa wa uwata haka ba tare da na zama mai butulci ba? Na dai ce: "Inna, aikin da jikinki ya yi ne nawa ya rasa." Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta koma tambayar jikokinta.

Da watanni suka ja, sai zancen ya juya. Waɗanda suka ji tsoron in rame suka ga ban rame ba. Da kilo 86 na fara, ga ni 84. Sai wasu suka taso, ƴan boko irina, abokan aikina masu bin shafukan rage tumbi a Facebook da TikTok. Wata ta dube ni sama da ƙasa a bakin ofis ta ce: "Wata takwas kina wannan wahala, ko tela bai rage miki zane ba? Ki bari kawai, ko ki sha shayin nan da nake sha." Wannan ta fi ta maƙwabciya yi mini ciwo, domin ita ta yi karatu, ta san abin da ake kira tansiyo, mahaifinta ma shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi. Amma ita ma da ido take awo. Su waɗancan suna tsoron in rage, su waɗannan suna raina ni don ban rage ba, kuma babu ko ɗaya da ta tambaye ni yadda nake kwana.

Da an tambaye ni, da na ce ciwon ƙeyar da ke tada ni tsakar dare ya tafi. Ina hawa benen ofis ba na tsayawa a tsakiya. A azumin da ya wuce na yi tarawihi a tsaye tun daga farko har ƙarshe, abin da na yi shekara uku ina yi a zaune. Awon da na yi na baya-bayan nan 13 bisa 8 ne. Maganin ma ban bar shi ba ko kwana ɗaya, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya ajiye nasa don ya fara tafiya, sai da izinin likitansa.

A filin na yi ƙawa, malamar lakwal ce, siririya kamar karan dawa, ciwon sukari gare ta. Ita kuma abin da ake ce mata: "Ke me za ki rage, ƙashi?" Ta ce mini tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini, shi ya sa ba ta fashi ko a zafin Afrilu da ake haura digiri 40, sai dai mu fito da wuri kafin rana ta ɗaga. Mukan yi zagayenmu ba mu cika magana ba, kowace da gorar ruwanta.

Ranar Asabar da ta wuce yaron Yaya ya zo da leda baƙa, ya ce in ji mamansa. Na buɗe, sai ga ƙwayoyi cikin ƙullin farar leda, babu kwali babu takarda, irin waɗanda ƴan talla ke yawo da su a tire, mata na sha don su yi jiki. Na kai wa mai farmasin unguwarmu. Ya juya ƙwayar a tafin hannunsa, ya ce a cikin irin waɗannan ana yawan samun dexamethasone, maganin da ke tara ruwa a jiki, fuska ta kumbura a ɗauka ƙiba ce, alhali yana hau da tansiyo da sukari. Ya ce mai hawan jini irina kada ta kusance shi.

Na dawo gida na sa ledar cikin durowa na kulle. Na san Yaya da zuciya ɗaya ta aiko, kuɗinta ta cire ta saya mini abin da ta yarda alheri ne. Ta ce wa yaron ya gaya mini tana nan tafe ranar Lahadi ta ga ko na fara sha. Abin da ya gudana tsakanina da ita a falona, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.