Wunin da na yi a gindin tirela

Kafaɗata ta dama sai zugi take, kuma har yanzu da sauran baƙin giris a ƙarƙashin faratana duk da na wanke hannu sau uku. Amma bari in rubuta aikin yau tun bai huce a kaina ba.

Da sassafe direban ya iso da tirelarsa, irin doguwar nan mai mita 13.6, ya sauko riƙe da leda. Ƙananan fitilun gefe na LED yake so a jera masa. Tsofaffin da ke jiki masu ƙwai ne: biyu sun fashe, uku ruwa ya shiga ya cinye mazauninsu, sauran kuwa haskensu kamar garwashin da toka ta rufe. Ya ce daren shekaranjiya saura ƙiris wata ƙaramar mota ta shige ƙarƙashinsa yana cikin juyawa a mararraba. Mai motar ya ga kan tirela ya wuce, ya ɗauka hanya ta buɗe, bai san dogon jiki na nan gicciye cikin duhu ba. Da yake ba ni labarin ko kallona ba ya yi, idonsa na kan wurin da motar ta kusa bugawa. Daga nan na san yau ba aikin gaggawa zan yi ba.

Na juye ledar a kan tebur. Goma ruwan goro, biyu jajaye, huɗu shuɗaye. Kafin komai na kifa su ina karanta abin da aka rubuta a bayansu, domin motar nan a kan volt 24 take, batir biyu ne a jere. Masu ruwan goro da jajayen an rubuta volt 10 zuwa 30, babu matsala. Shuɗayen volt 12 kawai suke ɗauka, da an jona su da tuni sun ƙone. Ko da ma za su ɗauka, ba zan sa su ba.

“Injiniya, ai waɗannan sun fi kyau da dare,” in ji shi.

Na ce, “Malam, launin nan magana ce kake yi da mutumin da bai san ka ba. In ya ga ruwan goro ya san gefenka yake kallo, in ya ga ja ya san bayanka ne. Shuɗi kuwa a ƙasashe da yawa na ’yan sanda ne da motocin ɗaukar marasa lafiya. Wanda ya kusa shigewa ƙarƙashinka ba ado ya rasa ba.”

Ya yi shiru, ya mayar da su cikin leda. Na ji daɗin da bai ja maganar ba.

Sai awo. Ƙa’idar da ake ƙera motocin Turai a kanta ta ce duk abin hawan da ya wuce mita 6 sai an sa masa fitilun gefe, kuma kada ratar da ke tsakanin fitila da ’yar’uwarta ta wuce mita 3. Ni da yarona muka ja awo, muka sa alli: biyar a kowane gefe, mita 2.9 tsakani. Fitilun irin ’yan ƙananan nan ne masu shiga rami mai faɗin milimita 19. Na fara huda da siririn baki, sannan na faɗaɗa, na goge kaifin ramin, na shafa fenti a bakin ƙarfen da ya fito fili saboda tsatsa, na tura robar, fitila ta shige da ɗan ƙara, ɗas. Wannan ɓangaren bai ci awa biyu ba, kuma shi ne abin da kowa ke gani.

Waya ce ta cinye wunin. Soket ɗin tirelar mai baki bakwai ne: fara ita ce at, wato wadda ke mayar da wuta, baƙa ta fitilun fakin na hagu, ruwan ƙasa ta na dama. Ban yarda da launi kawai ba, domin hannaye da yawa sun taɓa motar nan kafin ni, sai na kunna fakin na bi su da mitar auna wuta ɗaya bayan ɗaya. Sun dace. Na nuna wa yarona abin da LED ta bambanta da ƙwai: ƙwai ko ta ina ka jona zai kama, ita kuwa irin wannan hanya ɗaya take karɓar wuta, in ka juya wayoyin sai ta yi maka shiru kamar ta lalace. Na sa shi ya juya ɗaya da gangan ya gani da idonsa, sannan ya gyara. Shi ya sa kowace fitila sai mun gwada ta kafin mu rufe haɗin.

A haɗin waya ba na sassauci. Na kwance tsofaffin haɗe-haɗen da aka murɗa da hannu aka naɗe da baƙin salatif, tagullar ciki ta zama kore, tana marmashewa a yatsa kamar busasshen ganye. Ƙarƙashin tirela wuri ne na ruwa da laka da girgiza, salatif ba ya shekara a nan. Kowane haɗi na matse shi da filaya a cikin mahaɗi mai rigar roba, na hura masa zafi har robar ta tsuke, danƙon ciki ya tsattsafo ta baki biyu. In na ga wannan ɗan ɗigon hankalina yakan kwanta. An rubuta IP67 a jikin fitilun, ma’ana ƙura ba ta shiga, kuma za su jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. To amma wannan alkawari na fitila ne, bai shafi wayar da ka bari a buɗe ba. Muka zura wayoyin cikin bututun roba, muka ɗaure su a jikin shasi nesa da duk abin da ke motsi, na bar ɗan lanƙwasa ƙasa da kowace fitila don ruwa ya ɗiga a can maimakon ya bi waya ya shiga ciki.

Wajen la’asar muka kunna. Dama ta kama tar, gwanin kyau. Hagu ma ta kama, amma da na ce a taka birki sai biyar ɗin suka dusashe, da aka sa sigina kuma suka shiga ƙyafta ido tare da ita. Gabana ya faɗi, domin na san inda matsalar take, kuma hannuna ne ya yi ta. At ɗin hagu na ɗaure shi ne a kan wani tsohon noti da fitilar baya ke amfani da shi, na ga ya yi ƙarfi, ban kwance na duba ƙarƙashinsa ba. Na sa mita tsakanin notin da farar wayar soket, aka taka birki, lambar ta yi tsalle, alhali ya kamata ta tsaya kusa da sifili. Da na kwance, ga fenti mai kauri, ga tsatsa ta yi zobe. Wutar birki ba ta samun hanyar komawa, shi ya sa take danne ’yan fitiluna.

Na kwanta rigingine na goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, na sa sabon washa mai haƙora, na ɗaure, na shafe da giris. Duk da haka raina bai kwanta ba, sai na ja sabuwar waya tun daga fitilun har zuwa farar wayar, a gefe biyun duka, don kada komai ya dogara da jikin ƙarfe kaɗai. Hakan ya ƙara mana awa guda. Direban ya tsugunna kusa da ni yana riƙe min tocila, bai ce uffan ba a kan lokaci.

Na auna abin da suke ja kafin in rufe. Ƙwai goma masu watt 5 sukan sha kusan amfiya 2 a kan volt 24. Waɗannan goman ko rabin amfiya ba su kai ba, don haka fis ɗin da ke nan ya isa, wayar ma ko ɗumi ba ta yi.

Da duhu ya fara sauka na ce ya gicciya motar kamar yadda ta tsaya masa a mararrabar nan. Muka taka da ƙafa ni da shi har muka yi nisa sosai, sannan muka juyo. Ga ɗigo biyar ruwan goro a jere tun daga wuya har wutsiya, ga ja a can ƙarshe sama. Yarona ya taka birki, ya sa sigina hagu, ya sa dama, babu wadda ta motsa. Direban ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ashe haka tsawonta yake.”

Na ce ya leƙo bayan mako biyu in sake taɓa notocin, domin girgizar hanya takan sassauta sabon ɗauri. Mahaɗai masu rigar roba saura shida kawai a akwatina, gobe sai na ƙaro kafin in buɗe.