Dutsen da Auta bai saki ba

Tun ƙarfe 6 na safe muka hallara a gindin tsamiyar bayan gidan Kawu, domin zafin Garwa a watan Afrilu ba ya barin a yi aikin kirki bayan hantsi. Yau ne aka ɗauki wurin fim ɗinmu da 'yan fashi suka rataye Auta ta ƙafa, kansa a ƙasa, kafin abokinsa ya zo a gwabza faɗa.

Kawu ya shekara yana haƙar rijiya, saboda haka shi muka danƙa wa igiya. Ya ƙi reshen darbejiyar da na zaɓa, ya kuma ƙi a yi zarge a idon sawu, domin nauyin mutum yana ƙara matse shi. Sai ya ɗaura wa Auta ɗamara mai faɗi a ƙugu da cinyoyi a ƙarƙashin wando, ita ce ke ɗauke da nauyin, igiyar ƙafa kuwa ta ganin ido ce kawai. Da buhun siminti biyu, kilo 100, aka fara gwada reshen, sannan aka shimfiɗa katifa uku, aka tsayar da mutum biyu kusa da kafaɗunsa. Mun yi alkawarin daƙiƙa 20 a kowace ɗauka, muka ba shi ɗan dutse ya riƙe, idan ya ji jiri ya sake shi a sauke shi.

A ɗauka ta huɗu haske ya yi kyau ƙwarai, na ce a ci gaba. Idona yana kan kyamara lokacin da Kawu ya daka tsawa ya ce a sauke yaron. Fuskar Auta ta kumbura, jijiyoyin goshinsa sun tashi, idanunsa sun yi jawur saboda jinin da ya taru a kai, amma dutsen yana cikin tafinsa. Bayan an kwantar da shi ya huta, aka zaunar da shi a hankali, na tambaye shi abin da ya hana shi saki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, na ga kana son wurin ne."

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya ce daga gobe shi zai riƙe agogo, kuma wanda ke duban kyamara ba shi da bakin cewa a ƙara.

Hoton ya fito da kyau, sau ɗaya na iya kallonsa. Inna ta tambayi dalilin jan idon Auta da magariba, ya ce mata ƙura ce, ina zaune ban ce komai ba.