Inda mai koyon hawan igiyar ruwa zai fara

Kafin ka shiga teku da allon da ake hawan igiyar ruwa a kansa, duba ƙasan ruwan: yashi ne ko dutse? Mai koyo yashi yake buƙata, da igiyar da ba ta wuce ƙugu ba, irin ta Muizenberg kusa da Cape Town. A Anchor Point na Taghazout a Maroko kuwa, gefen duwatsu igiya take karyewa, sai gwanaye.

Tsaya minti 20 kana kallo. Inda ruwa ya yi duhu, igiya ba ta karyewa, nan ruwa ke ja zuwa cikin teku. In ya kama ka, riƙe allonka, yi iyo ta gefe, kana bin tsawon bakin teku.

Mai saurin fushi ya guji cunkoso, ya fito da asuba kafin iska ta tashi.