Gidan man Shamrock da bulon Lego: inda na kwana bayan sati shida

Salam 'yan uwa masu koyon gini da bulon wasa, da fatan kowa lafiya. Yau sati shida cif da na ɗora bulon farko na gidan man nan, kuma gaskiya sai a satin nan ne na ja baya na kalle shi na ji a raina e, wannan shi ne ginin da nake ta kallo a hoto. Hasumiyar ce ta riƙe ni duk tsawon lokacin nan, sau uku ina rushe ta, dan haka a kanta zan fi daɗewa yau.

Ga wanda bai san wane gini nake kwaikwaya ba, wani tsohon gidan mai ne a ƙaramin garin Shamrock da ke jihar Teksas a Amurka, an gina shi a 1936 daidai mahaɗar hanyar Route 66 da hanya mai lamba 83. Ɓangaren mai ana ce mai Tower Station, ɓangaren abinci kuma U-Drop Inn, duk a gini ɗaya, mai zanen kuma sunansa J. C. Berry. Hasumiya biyu gare shi, babba a kan gidan man ɗauke da rubutun CONOCO, sunan kamfanin man, daga sama zuwa ƙasa da wani fure na ƙarfe a can ƙololuwa, sai ƙarama a kan gidan abincin. Bangon ruwan yashi ne da adon koren tayil mai sheƙi, da dare kuma fitilun niyon su zagaye shi gaba ɗaya. Dan me za a yi wa gidan mai wannan kwalliyar? Dan Route 66 ita ce hanyar da ta taso tun daga Chicago har Los Angeles tun 1926, direba na tafe cikin fili fetal ba tsauni ba komai, to dole mai gidan mai ya gina abin da za a hango tun daga nesa kafin a wuce shi. Hasumiyar talla ce, ita ce allon sanarwarsu. Tun da na gane haka na san in hasumiyar ba ta fito ba to aikin gaba ɗaya bai fito ba.

Salon ginin shi ake kira art deko, sunan ya samo asali ne daga wani babban baje kolin kayan ado da aka yi a Paris a 1925. Ni dai abin da na fahimta da hannuna bayan sati shida shi ne salon nan layi ne da mataki, layuka dogaye da ke jan ido sama, da gini da ke ɗan shiga ciki kaɗan kaɗan yana tsukewa kaman matakala. Kuma kalmar kaɗan kaɗan ɗin nan ita ce duk wahalar.

Bari in fara da fandisho a gurguje dan ba wani abu a ciki. Faranti biyu na haɗa masu sitod 32 da 32, wato ƙulluton nan da ke saman bulo, kowanne santimita 25.6 kenan, na bar layi takwas gaba da gefe dan kwalta tunda ginin a kwana yake. Bango bulo tara a tsaye. Ƙofofi da tagogi duk sun zauna a sati na biyu ba rigima.

Sai hasumiya. Karon farko na fara da faɗin sitod 8, na koma 6, na koma 4, na koma 2, kowane mataki ina cire sitod guda ta kowane gefe. Da na gama sai ta fito gajera mai faɗin gindi, matakan sun yi girma da yawa, ido na tsayawa a kowanne maimakon ya zarce sama. Karo na biyu na sa bulo masu gangare dan in ɓoye matakan, sai ta zama kaman rufin coci ko kan fensir, art deko ɗin ya gudu gaba ɗaya, ashe matakan su ne kyan abin, ba a ɓoye su, ƙanƙanta su ake yi.

A nan ne filet ɗin nan, wato siririn bulo, mai sitod ɗaya a tsakiya ya cece ni, wanda ake ce wa jamfa. Faɗinsa biyu amma ƙullutonsa ɗaya ne a tsakiya, dan haka duk abin da ka ɗora a kai ya gusa da rabin sitod, milimita 4 kacal a maimakon 8. Da shi na yi 6 na koma 5 na koma 4, kuma wallahi bambancin kaman dare da rana, a take hasumiyar ta miƙe ta yi tsawo alhali ban ƙara mata bulo ko ɗaya ba. Sai dai ku sani faɗin 5 na da cin rai dan yawancin bulo biyu ne ko huɗu ko shida, dole ka riƙa haɗa mai uku da mai biyu kana juya su a kowane layi, in ka bari gaɓoɓin suka hau kan juna a jere to wajen zai tsage da zarar ka ɗaga ta. Ni na yi wannan kuskuren a layi na biyu sai da na sake kwancewa.

Yanzu tsarinta haka yake daga ƙasa: gindi mai faɗin 6 bulo uku, mai 5 bulo biyu, sai doguwar gangar jiki mai faɗin 4 wadda ke ɗauke da rubutu, daga nan 3, sai 2, sai furen.

Gangar jikin nan ita ta koya min lissafin da nake so kowa a cikinmu ya haddace tun yanzu dan zai rage muku wahala sosai. Daga sitod zuwa sitod milimita 8 ne, tsayin bulo ɗaya milimita 9.6, filet kuma 3.2, wato filet uku bulo ɗaya kenan. To filet biyar a tsaye milimita 16 ne, daidai da faɗin sitod biyu a kwance. Ma'ana in kana so ka manna abu a jikin bango yana kallon waje, sai ka sa bulo mai sitod a gefe, ka ɗora filet biyu, ka sake sa wani bulon mai sitod a gefe, ƙullutan gefen za su zo daidai da ramukan duk abin da za ka manna, ba tilas ba lanƙwasa. Da ban san wannan ba ina ta dannawa da ƙarfi har filet ɗaya ya yi farin tabo a tsakiya alamar ya kusa karyewa. Haruffan CONOCO shida ne, kowanne na ba shi tayil, wato filet ɗin da ba sitod a samansa, mai biyu da biyu, sitod 12 kenan a tsaye, milimita 96, kuma milimita 96 bulo goma ne cif ba ragi ba ƙari. Ranar da lissafin nan ya faɗo min daidai na daɗe zaune ina kallon takardar, farin ciki ya cika ni.

Haruffan kansu kuma har yanzu ban yanke shawara ba, ina so in ji ta bakinku. Harafin O guda uku na samu zagayayyen tayil mai rami a tsakiya, ya zauna kaman dama dan shi akai shi. Amma C biyu da N ɗaya sun ƙi, a faɗin milimita 16 duk yadda na haɗa ƙananan tayil sai su fito daban da O ɗin, kaman ba gida ɗaya suka fito ba. Zaɓi biyu gare ni, ko in kai wa masu yanka sitika su yanko min duka shidan da siraran haruffa irin na zamanin, ko in faɗaɗa hasumiyar dan in gina su da bulo zalla, wanda hakan na nufin rushewa karo na huɗu kuma ginin ƙasa zai yi mata ƙanƙanta. Zuciyata ta fi karkata ga sitika dan tsayuwar hasumiyar yanzu ta fi min komai muhimmanci, amma yankan bulo da reza kam ba zan yi ba, wani ya ba ni shawarar in datse gefen O ya zama C na ce a'a.

Furen sama na yi shi da ƙananan ganye huɗu na maƙala su a jikin sanda ɗaya suna ɗan buɗewa waje. Ya yi, ba zan ƙara taɓa shi ba.

Rumfa ta ɗan ba ni ciwon kai a sati na biyar. Rumfa biyu nake yi tunda ginin na fuskantar hanya biyu, kowace 12 da 10, ginshiƙi biyu a gaba, bayanta kuma ta hau bango. Na yi ta da filet hawa ɗaya na lulluɓe da tayil, bayan kwana biyu na ga tsakiya ya ɗan sunkuya, kaɗan ne amma a ginin da duk kyansa miƙaƙƙen layi ne ido ba ya yafe wannan. Maganin da na yi shi ne filet hawa biyu a gicciye, na ƙasa ya bi tsawo na sama ya bi faɗi, sannan na ɓoye dogon bulon Technic mai ramuka a bakin gaba a bayan koren layin ado. Kwana tara kenan yanzu ba ta motsa ba.

Maganar kala kuma, ku da kuke sayen bulon gwanjo a buhu irina kun san halin da ake ciki. Ruwan yashin da na tara kala uku ya fito, wani rana ta cinye shi ya yi duhu, wani kuma ba na Lego ba ne, na wasu kamfanoni ne da ke kwaikwaya, za ka gane dan ba sunan a kan ƙulluton kuma kamunsa ko ya yi sako-sako ko ya yi tauri fiye da kima. Na ware masu duhun na kai su bangon baya da layin ƙasa inda dama gini ke yin datti, masu hasken na ajiye wa hasumiya. Koren nan mai toka-toka da ya fi kama da tayil ɗin asali shi ne mai wuyar samu, guda 41 kawai na samu a buhu huɗu, shi ya sa na taƙaita shi a bakin rumfa da kusurwoyin hasumiya da saman tagogi. Wajen wanki kuma ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 40 ba da ɗan sabulun wanke-wanke, a shanya a inuwa kan tawul, dan Allah kar wanda ya baza su a rana.

Famfunan mai su na fi jin daɗin yi. Na zaɓi irin tsohon famfon nan mai tulun gilashi a sama da aka fi yayi a shekarun 1920, wanda mai sayarwa zai yi ta tuƙa hannun famfo har man ya hau cikin gilashin, yawanci galan goma ne da layukan awo a jiki, mai mota ya gani da idonsa adadin da kalar man, sannan a buɗe tiyo ya gangaro da kansa cikin tanki. Zagayayyen bulo mai haske guda biyu su ne gilashin, na sa ɗan ruwan ɗorawa mai haske a na ƙasan dan ya zama kaman an ɗebi rabi, farin ƙwallo a sama, baƙin tiyo a gefe. Uku na yi, saura ɗaya. Alamar Conoco ta lokacin jan alwatika ce mai kallon ƙasa, na samu irin alamar hanyar nan mai kusurwa uku na juya ta na maƙala a sanda bakin titi.

Abin da ya rage babba shi ne niyon. Na gwada siraran sanduna kore masu haske a bakin rumfa, da rana sun yi kyau amma da dare ba komai tunda ba wuta a ciki. Na sayo siririyar igiyar wuta mai haske kore da ke aiki da batir, kaurinta wajen milimita biyu, na gwada ta a rumfa ɗaya jiya da daddare na kashe fitilar ɗaki, har yarana suka taso suka zauna suna kallo ba mai magana. Matsalar ita ce kwana, igiyar ba ta son lanƙwasa mai kaifi, kusurwar takan fito a zagaye, kuma dole in buɗe mata hanya ta cikin hasumiya ba tare da na taɓa bulo goman nan ba. Tsakiyar gangar jikin akwai rami mai biyu da biyu da na bari, inaga ta nan zan zura ta ta fito ƙarƙashin furen sannan ta sauko ta kusurwoyi.

Ƙura ma ta fara sauka, kullum da safe sai na bi shi da burushin fenti mai laushi, na auna zan sa a yanko min akwatin gilashin roba mai tsawon santimita 56 da faɗin 30, tsayin kuma sai na gama da igiyar wutar tukuna. Satin nan ƙaramar hasumiyar gidan abinci zan fara, faɗin 4 zuwa 3 zuwa 2, kuma jamfa takwas kawai suka rage min a kwano, in akwai mai rarar ruwan yashi a cikinku ina da jajayen gangare masu yawa da zan bayar a musaya.